Ranar da Murdo Ya Kama Bakinsa

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyen Kinvorra ya san ƙarar ƙofar Murdo Tulloch. Gari na wayewa za ka ji ta garam, sai ga shi ya fito da hula a karkace, maɓallin rigar sanyi ɗaya a ramin ɗan'uwansa, ya nufi gada da sauri kamar an aiko masa cewa kogin na shirin ƙaura. Ya leƙa ya ga launin ruwa, ya harari gajimare, ya juyo. Kafin ya kai gida ya tuna bai duba dutsen da yake auna tashin ruwa da shi ba, ya sake komawa. Matarsa Ishbel ta daɗe da daina zuba masa kunu sai ta ga ya zauna, kuma ko ya zauna gefen kujera yake ɗosanawa, ƙafa ɗaya na kaɗawa a ƙarƙashin tebur har cokula na amsawa. A coci ma kujerar bakin ƙofa aka bar masa, don kowa ya huta.

To wannan mutumin da ba ya iya jiran buta ta tafasa, shi ne ya shafe sama da shekara hamsin yana aikin da ya fi kowane aiki a kwarin nan cin haƙuri. Murdo maɗaurin ƙuda ne. A nan arewacin Sikotland in an ce ƙuda, ƙugiyar fatsa ake nufi, wadda aka yi wa sutura da gashin tsuntsu da zaren siliki, a jefa wa kifin salmon in ya baro teku ya hauro kogi. Bana Murdo ya ajiye almakashinsa. Ba a yi taro ba, ba a ba shi agogon bango ba, shi ma da an kira taron ba zai iya zama har a gama jawabi ba. Shi ya sa muka ga gara mu faɗi abin da muka gani da idonmu tun yana raye, ya ji, ya yi tsaki.

Ɗakin aikinsa na katako ne a bayan gida, tagarsa na kallon arewa. In ya shiga ya ɗauki gashi ɗaya, ƙafar nan sai ta tsaya cak. Zai kara gashin a bakin buta, tururi ya miƙar da abin da ya lanƙwashe, ya ɓare gefe ɗaya da farce, ya sa gindin a leɓensa har ya yi laushi yadda zai naɗu ba tare da ya karye ba. Ƙugiyar kuwa tsakanin babban yatsa da manuni na hannun hagu yake riƙe ta, dama na naɗa zaren da ya sha kakin zuma. Sauran maɗaura duk sun koma amfani da ƙarfen da ke matse ƙugiya a jikin tebur. 'Yarsu Rhona ta taɓa sayo masa irinsa daga birni, mai kyau, mai ƙyalli. Ya gode mata ƙwarai, ya tokare taga da shi.

"Ƙarfe ba ya jin lokacin da gashi ya kwanta," in ji shi. "Yatsa ke ji."

Fukafukan ƙudansa daga kafaɗar toron agwagwar daji yake yanko su, ɗaya daga gashin dama, ɗaya daga na hagu, su haɗu a bayan ƙugiya su rufe ta kamar rufin ɗaki. In aka ɗauko duka biyun daga gefe ɗaya, a hannu ba za ka ga aibu ba, amma a ruwa ƙudan zai kwanta ta gefe yana juyi. Saboda haka babu ƙudan da ya taɓa barin ɗakin nan sai an ɗaura shi a zare an tsoma shi a magudanar da ke bayan gida an ga tafiyarsa. Dougal mai raba wasiƙu har yau yana ba da labarin ranar da Murdo ya wuce shi a kan keke, ba hula, yana bin motar wani baƙo har ƙauyen gaba, don ya tuna akwai ƙuda ɗaya cikin waɗanda ya ba mutumin da bai gwada ba. Ya tsayar da motar, ya karɓe abinsa, ya tsoma a lambatun gefen hanya, ya ga yana tafiya daidai, ya mayar. Baƙon bai gane abin da ya faru ba har ya koma ƙasarsu.

Gashin zalɓe kuma, dogon nan mai launin toka da ke lilo a ruwa kamar mai rai, Murdo bai taɓa kashe tsuntsu dominsa ba. Da rani yake zagaya gindin itatuwan da zalɓe ke sheƙa yana tsintar abin da suka zubar da kansu. Abin da ya tsinta a shekara, shi ke nan rabonsa har wata shekarar.

Kai ne mai ɗinka wa ƙugiya riga, Murdo. Hotunan manyan kifaye sun cika bangon masaukin baƙi, kowane da mutum a gefe yana washe baki, kuma ba ko ɗaya da aka rubuta sunanka a ƙasansa. Ba ka taɓa shiga ka duba ba ma.

Abin dariyar shi ne Murdo bai iya kama kifi ba, kuma duk kwarin ya san dalili. Ka'idar salmon ita ce in ka ga ya taso wa ƙuda, kada ka motsa. Ka bar shi ya ɗauka, ya juya, ya nutsa da shi, sai ka ji nauyinsa a hannunka sannan ka ɗaga sanda. Wanda ya fizga da ganin ruwa ya motsa, daga bakin kifin yake zare ƙugiyar. Murdo kuwa tun yana saurayi ruwa na motsi yake fizga. Da abin ya tsaya a kansa da sauƙi. In yana tsaye a gefen wani ya hango kifi ya taso, sai ka ji ya daka tsawa, "Ga shi nan, ɗaga!" Mutum ya firgita ya ɗaga, kifi ya yi gaba. Da ɓarnar ta yi yawa, Alick Bain ya kafa masa doka: muddin akwai mai fatsa a ruwa, iyakar Murdo gada.

Alick shi ne mai raka baƙi fatsa a kogin nan tun kafin a haifi yawancinmu, kuma abokin Murdo tun suna ɗaukar jakar makaranta. Allah bai taɓa haɗa mutum biyu da suka saɓa kamar su ba. Alick in ka gaishe shi da safe, sai ya gama cusa taba a lofensa kafin ya amsa. Shekara da shekaru suna faɗa a kan gada, ɗaya na cewa ƙudan ne ya kama kifi, ɗaya na cewa hannun da ya jefa ne.

Al'adarmu ce ranar buɗe kogi ga masu fatsa, cikin sanyin Fabrairu, mu bi mai busa zuwa gurbin da ke ƙasan gada, a zuba wa ruwa ɗan wiski, sannan wanda ya fi kowa tsufa cikin mutanen kogi ya yi jifan farko da sabon ƙudan da aka ɗaura a kwarin cikin hunturun nan. Bana abin ya faɗo kan Alick. Sai dai idanunsa sun tafi, haske da duhu kaɗai yake bambancewa, kuma ɗansa ya riga ya gyara masa ɗaki a birnin Aberdeen. An yi magana an gama: ana buɗe kogi, za a zo a ɗauke shi. Jifan farkon bana shi ne jifansa na ƙarshe, kowa ya sani, ba mai faɗa.

"Mai Toka nake so," ya ce wa Murdo a kan gada. Sunan ƙudan da Murdo ya fara ɗaura masa ke nan suna samari, mai gashin zalɓe. "Kuma kada ka kawo mini tsohon da ka ajiye a gwangwani. Sabo."

"Ka taɓa ganin na ba ka tsoho?"

"Yanzu ko ka ba ni ba zan gani ba, shi ya sa nake faɗa."

Murdo ya yi dariya, hannunsa na hagu na cikin aljihu. Tun kaka yake cikin aljihun. Babban yatsan ya fara rawa, da farko kaɗan-kaɗan, daga baya har shayi na zuba a faranti. Ishbel ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba, sai dai ta daina cika masa kofi.

Hunturun nan ba wanda ya samu sukuni a gidan Tulloch. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya je gada, ya dawo, ya sake shiga. Ya ɗaura jikin ƙudan lafiya, in ya zo naɗa gashin zalɓe sai yatsan ya yi tsalle, ƙugiya ta juya, gashin ya ɓalle. Ya warware ya ɗauko wani. Gasun da ya tsinta da rani suna ta raguwa, kuma zalɓe ba zai zubar da wani ba sai bayan an daɗe da tafiya da Alick. Wata rana ya ciro ƙarfen Rhona daga taga ya gwada a ɓoye. Ƙarfen ya riƙe ƙugiya tsam, amma Murdo bai ji lokacin da gindin gashin ya kai maƙura ba, ya ja, ya karye. Ƙarfe ya koma taga.

Sau ɗaya ya kai ƙarshe. Ya fito da gudu ya tsoma a magudana, Ishbel na biye da shi da mayafi a kafaɗa. Ƙudan ya kwanta ta gefe yana juyi. Garin gaggawar ya gama kafin yatsan ya tashi, fukafukan biyu daga gashin dama ya yanko su, kuskuren da bai yi ba tun yana ɗan koyo. Ya tsaya yana kallon abin, kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda.

"Murdo," Ishbel ta ce a hankali, "a hannu kyakkyawa ne. Jifa ɗaya ne fa. Alick ba ya gani."

"Kifin yana gani."

Ya sa reza ya yanke shi a gabanta. Ta koma ciki, tana sane cewa gashin zalɓe mai kyau saura ɗaya.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe kogi, da hantsi, sai ga Alick yana lalube da sanda ta gefen shinge. Ba wanda ya kira shi, ko da yake an ga Ishbel a ƙofar gidansa da kwanon miya kwana ɗaya kafin nan. Ya shiga ɗakin aikin, ya nemi kujera ya zauna, ya ciro lofe.

"Kada ka kunna mini wannan abin a kan gashi," Murdo ya ce.

"Ci gaba da aikinka. Na zo jin ɗumi ne."

Murdo ya koma kan aikinsa. Sai ƙugiya ta faɗi ƙasa, ƙil. Murdo ya duƙa ya ɗauka. Jim kaɗan ta sake faɗuwa.

"Ƙugiyar nan tana da ƙafa ne?" in ji Alick.

"Sanyi ne."

"Sanyi. Tun kaka kake gaishe ni da hannu ɗaya a aljihu kamar ɗan birni. Idona ne ya mutu, tsoho, ba kunnena ba. Ina jin kofinka yana kaɗa faranti daga ƙarshen tebur."

Murdo ya miƙe, ya je taga, ya dawo, ya sake zuwa taga. Da ya buɗe baki muryar ba tasa ba ce. "Saura gashi ɗaya, Alick. In na karya shi, shi ke nan."

Alick ya mayar da lofe aljihu, ya goge hannunsa na hagu a wando, ya miƙa shi a kan tebur, babban yatsa da manuni a haɗe. Hannu ne da ya sha igiya da ruwan ƙanƙara, duk ya faffashe, amma ko gezau ba ya yi.

"Ga wannan. Ba abin da nake yi da shi kwanan nan."

"Kai? Kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkawa?"

"Ka ce ƙarfe ba ya ji. To ni ina ji. Sa mini ita ka daina zagaye, kana sa ni jiri."

Ishbel ce ta ba mu labarin sauran, don tana tsaye a bakin ƙofa da butar shayin da ta huce a hannunta. Murdo ya sa ƙugiyar tsakanin yatsun abokinsa, ya goga wa zare kaki, ya fara naɗi da dama, hagun mai rawa na tallafe gashi kawai. Bakinsa kuwa bai huta ba. Juya kaɗan. Ba haka ba, wajena. Kai, ƙugiya ce, ba wuyan kaza ba, sassauta.

"Shekara nawa ina yi wa attajirai hidima," in ji Alick, "ba wanda ya zage ni kamar yau."

Sai aka zo kan gashin zalɓen. Murdo ya jiƙa gindin a leɓe, ya ɗaure, ya fara zagayawa da shi a jikin ƙugiya. A zagaye na kusa da ƙarshe Alick ya ce, ƙasa-ƙasa, "Tsaya. Yana ƙara a yatsana." Murdo ya sassauta, ya sake jiƙawa, ya ƙarasa. Fukafukan kuwa sai da ya ɗaga su ga taga ya duba ya sake dubawa, dama da hagu, kafin ya ɗora. Tsinin ƙugiyar ya shiga yatsan Alick tun tsakiyar aikin, bai faɗa ba sai da aka gama aka ga jini a tebur.

Suka fita magudana, ɗaya riƙe da gwiwar hannun ɗaya. Murdo ya tsoma.

"Yaya?"

"Yana tafiya," Murdo ya ce. Ya share hanci da bayan hannu, ya ɗora laifin a kan sanyi.

Ranar buɗe kogi duk ƙauyen ya fito. Aka yi busa, aka zuba wa ruwa rabonsa. Murdo ya ɗaura wa Alick ƙudan a igiya, ya juya zai hau gada kamar yadda doka ta ce, sai Alick ya kama rigarsa.

"Ka shigo ruwa da ni. Ka tsaya a kafaɗata."

"Shi?" in ji Ishbel. "A gefenka, da kifi a ruwa? Alick, ka manta wa ka sani?"

"Idonsa nake aro. Ka gaya mini inda ƙuda ya sauka, Murdo, daga nan ka rufe mini bakin nan."

Jifa ɗaya al'ada ta ce, amma da Alick ya yi na farko igiya ta miƙe ta kwanta a kan ruwa kamar yana gani, ba wanda ya matsa ya karɓi wurin. Ya yi taku, ya sake jefawa. Murdo na faɗa masa: ya sauka gaban dutse, ƙara kaɗan, yawwa. Ƙafarsa na rawa a cikin ruwan har tana tayar da kumfa. A Fabrairu kifi kaɗan ne, kuma shekarun nan sun ƙara ƙaranci. Mutane suka fara buga ƙafa don sanyi, ɗan Alick na duba motarsa, gurbin kuma ya kusa ƙarewa.

Sai Murdo ya gani. Bayan ƙudan, ƙarƙashin ruwa, wani abu mai faɗi ya juya ya yi walƙiya, ruwan ya kumbura. Kalmar ta taso masa daga ciki, wadda ya yi shekara hamsin yana faɗa, ta cika masa baki. Alick na tsaye bai san komai ba, sanda a kwance a hannunsa, kuma da ya ji tsawar nan a kunnensa hannun zai ɗaga kafin ya yi tunani. Mu da ke kan gaɓa mun ga Murdo Tulloch ya fizge hularsa ya cusa a baki ya cije. Idanunsa sun firfito, jijiyar wuyansa ta tashi, ƙafar nan ta tsaya. Bai motsa ba, bai ce uffan ba.

Igiyar ta ja a hankali, ta miƙe, ta yi nauyi. Alick ya ɗaga sanda.

An daɗe ana fama kafin kifin ya shigo raga, sabon hawa daga teku, fari tas. Alick ya durƙusa ya jiƙa hannuwa, ya shafa shi daga kai har wutsiya, ya lalubo ƙudan a gefen baki ya zare, ya riƙe kifin a ruwa har ya farfaɗo ya sulale, don yanzu sakin su muke yi. Sannan ya juyo inda yake jin numfashin abokinsa.

"Ka ga lokacin da ya taso?"

"Na gani."

"Kuma ba ka ce komai ba?"

Murdo ya tofar da zaren hula. "Ba ka ce in rufe baki ba?"

"Tun muna yara nake cewa." Alick ya soke Mai Toka a gaban hularsa, yana laluben wurin da yatsan da ƙugiyar ta huda. "Ƙudan ne ya kama shi," ya ce. Bai taɓa yarda da wannan ba sai ran nan.

Washegari aka tafi da Alick. Murdo ya share teburinsa, ya raba sauran gasun ga masu so, ya ce hannun da zai riƙe masa ƙugiya ya koma Aberdeen.

Mun gode, Murdo. Mun gode da ƙudajen da ka yanke ba ka bari sun fita a karkace ba, ko da ba mai ganewa. Mun gode da zalɓen da har yau ke sheƙa a itatuwanmu. Kai ne ka yarda aka ga rawar hannunka don kada abokinka ya tafi da abin da ba daidai ba, kuma wannan ya fi maka wuya fiye da duk naɗin da ka taɓa yi. Mu da muka rage, kowa ya duba unguwarsa. Akwai irinsa a can, mai aikin da ba a rubuta sunansa a ƙasan hoto. A je a zauna kusa da shi tun hannunsa na aiki, a koya, in kuma hannun ya fara rawa a miƙa masa namu ba sai ya roƙa ba.

Ƙofar tana nan tana garam da sassafe. Yana zuwa gada, ya leƙa ruwa, ya manta dutse, ya koma. Sai dai yanzu in ya dawo, kafin ya taɓa kunu, waya yake ɗauka. Ishbel ta ce tana jin sa daga kicin yana zuba bayani, ruwa ya tashi, launinsa kamar shayin da bai ji madara ba, an ga kifi biyu a ƙasan gada. Sai kuma ya yi shiru. A can Aberdeen Alick na cusa taba a lofe kafin ya amsa, Murdo kuma yana tsaye da waya a kunne, yana jira.